Fada Damien da Zangon Kutare na Molokai, 1873 zuwa 1889

Gabatarwa

A wannan maƙala zan kawo tarihin wata ƙaramar gundumar coci ta mabiya ɗariƙar Katolika, wadda ta kasance a tsibirin Molokai, ɗaya daga cikin tsibiran Hawai da ke tsakiyar Tekun Fasifik. A tsarin Katolika, gundumar coci ita ce jama'ar da ke zaune a yanki ɗaya, suna sujada a ƙarƙashin limami ɗaya da ake kira fada. Shi ne mai yi wa jarirai baftisma, ya ɗaura aure, ya saurari masu furta zunubi, ya ziyarci marasa lafiya, ya kuma binne mamata. Abin da ya bambanta wannan gunduma da sauran shi ne, kusan dukkan mutanenta kutare ne da hukuma ta raba da iyalansu. Limaminta, Fada Damien, shi ne wanda cocin Katolika ya bayyana a matsayin waliyyi a shekarar 2009, bisa hujjar wasu warake guda biyu da aka ce sun auku ta dalilinsa bayan rasuwarsa. Abin da ya ja hankalina ga tarihinsa shi ne, a duk shekaru 16 da ya yi a zangon bai warkar da kuturu ko ɗaya ba, shi kansa ma kuturta ce ta yi ajalinsa. To, mene ne ya yi da har sunansa ya wanzu? Wannan ita ce tambayar da nake son mu duba tare da malamai da dattawa masu karanta wannan littafi.

Yadda Aka Kafa Zangon

A ƙarni na 19 Hawai masarauta ce mai cin gashin kanta. Zuwan jiragen ruwa na baƙi ya kawo wa mutanen ƙasar cututtukan da jikinsu bai saba da su ba, irin su ƙyanda da agana, waɗanda suka hallaka jama'a masu ɗimbin yawa. Da kuturta ta fara yaɗuwa sai tsoro ya kama hukuma. A shekarar 1865 Sarki Kamehameha na Biyar ya sa hannu a wata doka ta hana yaɗuwar kuturta, wadda ta ba da ikon kama duk wanda aka samu da cutar a keɓe shi. Wurin da aka zaɓa shi ne wani ɗan zirin ƙasa a arewacin Molokai mai suna Kalaupapa. Teku ta kewaye shi ta ɓangare uku, ta bayansa kuma duwatsu ne tsaye kamar bango, masu tsawon ɗaruruwan mitoci. Wato dai kurkuku ne da ba ya bukatar mai gadi.

A watan Janairu na 1866 aka sauke rukunin farko, mutum 12, a ƙauyen Kalawao da ke gabashin zirin. Hukuma ta ɗauka za su yi noma su ciyar da kansu, alhali da yawansu cutar ta riga ta cinye musu yatsu. Abinci ya yi ƙaranci, babu likita mazauni, ruwan sha kuma sai an yi tafiya mai nisa. Masu ƙarfi suka riƙa danne marasa ƙarfi, har akan gaya wa sababbin zuwa cewa nan wurin babu doka. Daga 1866 zuwa 1969, lokacin da aka soke dokar, kimanin mutum 8,000 aka kai can, akasarinsu kuma can aka binne su.

Wajibi ne a faɗi cewa tun kafin zuwan Damien mutanen zangon ba su zauna hannu sake ba. Wasu masu lafiya sun bi mazajensu ko matansu don su yi jinyarsu, ana kiran su kokuwa, wato mataimaka. Haka kuma mabiya Furotesta daga cikin majinyatan sun kafa majami'arsu tun a 1866. Su ma 'yan Katolika an gina musu ɗan ƙaramin coci na katako mai suna Santa Filomina a 1872, sai dai ba su da limami mazauni.

Zuwan Damien

An haifi Damien a ranar 3 ga Janairu 1840 a ƙauyen Tremelo na ƙasar Beljiyam, sunansa na yanka Jozef De Veuster, iyayensa kuma manoma ne. Yayansa ne aka zaɓa ya tafi aikin mishan a Hawai, sai rashin lafiya ta kwantar da shi, Damien ya roƙi a tura shi a madadinsa. Ya sauka Honolulu a watan Maris na 1864, aka naɗa shi fada a watan Mayu na wannan shekara, ya yi wajen shekara tara yana aiki a ƙauyukan babban tsibirin Hawai. A can ya ga yadda ake ɗauke mutanen gundumarsa ɗaya bayan ɗaya ana kai su Molokai.

A 1873 Bishop Louis Maigret ya nemi waɗanda za su je zangon bisa raɗin kansu, domin bai ga dacewar ya tilasta wa kowa ba. Limamai huɗu suka amsa, aka shirya za su riƙa karɓa-karɓa. Damien ne ya fara zuwa, a ranar 10 ga Mayu 1873, yana ɗan shekara 33. Bai daɗe ba ya nemi a bar shi ya zauna dindindin. Kwanakinsa na farko a gindin wata bishiya kusa da cocin ya yi su, don ba shi da ɗaki.

Rayuwar Gundumar

A nan ne, a ganina, zuciyar wannan tarihi take. Abu na farko da Damien ya mayar da hankali a kai shi ne mamata. Ya tarar ana binne gawa a rami marar zurfi, har aladu da karnuka kan tono ta. Sai ya kewaye maƙabarta da shinge, ya riƙa sassaƙa akwatunan gawa da hannunsa, yana haƙa kabari, ya kuma kafa ƙungiyoyin jana'iza waɗanda ke raka mamaci da kiɗa da addu'a. Duk dattijon da ya san nauyin sutura da rakiyar gawa a wurinmu zai gane hikimar wannan. Mutumin da ya tabbata za a binne shi da mutunci ya san har yanzu ana ƙirga shi cikin mutane.

Da yake ɗan manoma ne kuma ya iya aikin kafinta, sai ya shiga gina gidaje tare da majinyatan da ke da sauran ƙarfi, musamman bayan wata guguwa ta rushe bukkoki a 1874. Sun shimfiɗa bututu sun jawo ruwa daga kwari, sun yi gonaki, sun faɗaɗa cocin, ya kuma buɗe gidajen marayu na maza da na mata. Ya kafa ƙungiyar mawaƙan coci da ta masu busa. Saboda waɗanda cutar ta taɓa maƙogwaronsu suna jin kunyar shiga coci don yawan tofar da yawu, sai ya huda ƙananan ramuka a daɓen katako domin su samu wurin tofarwa ba tare da sun fita ba. Shi kansa warin miki ya dame shi da farko, shi ya sa ya koyi shan lofe don hayaƙin taba ya rage masa.

Bugu da ƙari, bai yi ƙyamar taɓa su ba. Yakan wanke miki ya ɗaure, ya sa musu gurasar Jibin Ubangiji a baki, ya shafa wa masu gargarar mutuwa mai. Yakan sa hannu a ƙwarya ɗaya da su su ci poi, wani irin tuwo da ake yi da gwaza. A wa'azinsa kuma yakan ce "mu kutare", tun kafin cutar ta kama shi. Keɓewar ta shafe shi shi ma. Akwai lokacin da aka hana shi hawa jirgin da ya kawo shugabansa, dole ya tsaya cikin kwale-kwale ya ɗaga murya ya furta zunubansa da Faransanci, mutane na kallo.

Tarihi bai ɓoye raunin halinsa ba. Mutum ne mai taurin kai da saurin fushi, ya sha yin saɓani da hukumar lafiya da kuma shugabanninsa na coci. Bayan rasuwarsa wani limamin Furotesta na Honolulu, C. M. Hyde, ya rubuta wasiƙa yana siffanta shi da ƙazanta da kafiya, marubucin nan Robert Louis Stevenson, wanda ya ziyarci zangon, ya mayar masa da zazzafan martani a 1890.

A ƙarshen 1884 Damien ya tsoma ƙafarsa a ruwan zafi, fata ta saɓule amma bai ji komai ba, ya gane cutar ta kama shi. Ya ci gaba da aiki har sama da shekara huɗu. A 1886 wani tsohon sojan Amurka, Joseph Dutton, ya zo taya shi, a 1888 kuma Uwa Marianne Cope ta iso da sistocinta, suka karɓi rainon 'yan mata. Damien ya rasu ranar 15 ga Afrilu 1889, yana da shekara 49, aka binne shi a gindin bishiyar nan da ya fara kwana. A 1936 aka ɗauke gawarsa zuwa Beljiyam, a 1995 kuma aka mayar da ƙasusuwan hannunsa na dama cikin kabarinsa na farko a Kalawao.

Batun Warake Biyu

Malamanmu na Musulunci sun bambanta mu'ujiza, wadda ta keɓanta ga annabawa, da karama, wadda ake jingina wa waliyyai. Su Katolika mu'ujiza suke kiran irin wannan waraka, kuma a aƙidarsu Allah ne mai warkarwa, waliyyi mai roƙo ne kawai. Suna da ƙa'idojin tantancewa da suka samo asali daga rubuce-rubucen Fafaroma Benedict na 14 a ƙarni na 18: cutar ta kasance mai tsanani, warakar ta zo da sauri, ta zama cikakkiya mai ɗorewa, kuma ba magani ne ya kawo ta ba. Kwamitin likitoci ne ke fara duba takardu, aikinsu kawai su ce ilimin likita ya iya bayyana abin ko bai iya ba. Daga nan sai malaman tauhidi, sannan Fafaroma ya yanke hukunci.

Waraka ta farko ita ce ta wata sista Bafaranshiya, Simplicia Hue, wadda ciwon hanji ya kai ta bakin mutuwa a 1895, ta yi addu'a da sunan Damien, ta tashi garau, ta ƙara shekaru sama da 30 a duniya. An amince da ita a 1992, a 1995 kuma Fafaroma John Paul na Biyu ya ba Damien matsayin mai albarka. Ta biyu ita ce ta wata malamar makaranta mai ritaya a Hawai, wadda ciwon daji ya yaɗu zuwa huhunta a 1998. Ta je kabarin Kalawao ta yi addu'a, hotunan ƙirji suka nuna ƙarin yana raguwa har ya ɓace a 1999. Likitanta ya buga labarin a mujallar likitocin Hawai a 2000, a matsayin ciwon da ya janye da kansa. Bisa wannan ne Fafaroma Benedict na 16 ya bayyana Damien waliyyi a ranar 11 ga Oktoba 2009.

Maganin kuturta kuwa ta wata hanya ya zo, kuma sannu a hankali. A shekarar da Damien ya sauka Molokai, wato 1873, wani likita ɗan Norway, Armauer Hansen, ya gano ƙwayar cutar. An daɗe ana allurar man wani itace mai suna calmugura, wanda amfaninsa kaɗan ne. Magungunan da suka yi tasiri na haƙiƙa sun fito ne a shekarun 1940, kuma Nijeriya tana da hannu a ciki, domin a asibitin kutare na Uzuakoli, cikin Jihar Abiya ta yanzu, Dokta John Lowe ya nuna cewa ƙwayar dafson da ake haɗiya tana aiki kuma ga araha. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna, tun 1995 kuma kyauta ake ba da su. An kuma tabbatar cewa mafi yawan mutane, wajen kashi 95 cikin 100, jikinsu ba ya kamuwa da cutar, wanda ya fara shan magani kuma ba ya yaɗa ta.

Kammalawa

Mu a ƙasar Hausa kuturta ba baƙuwa ba ce. Garuruwanmu sun san unguwar kutare da Sarkin Kutare, kuma a ƙarshen shekarun 1930 'yan mishan na SIM, bisa yarjejeniya da hukumomin En'e, sun riƙe zangunan Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina da Amanawa a Sakkwato. Don haka tambayar da Molokai ta fuskanta mu ma mun fuskance ta: yaya za a yi da mutumin da ba a iya warkar da shi ba?

Ko mai karatu ya gaskata warake biyun nan ko bai gaskata ba, wannan ya rage gare shi da aƙidarsa. Sun shafi mutum biyu ne, shekaru bayan rasuwar Damien. Abin da ya yi wa ɗaruruwan mutane yana raye kuwa ba ya bukatar kwamitin likitoci, ga maƙabarta ga coci nan suna shaida. Ya samu mutanen da aka jefar, ya zauna tare da su, ya ci abin da suke ci, ya kira su da sunayensu, ya raka su kabari. Yau magani ya samu, amma ƙyamar ba ta gushe ba, har wanda ya warke sarai akan hana shi aure ko a ƙi sayen abin da ya taɓa. Ina roƙon malamai, idan sun koyar da wannan tarihi, su gaya wa ɗalibai abu biyu tare: kuturta tana warkewa idan an je asibiti da wuri, kuma jin ƙan majinyaci wajibi ne tun kafin a san ko zai warke. Allah Ya sa mu dace.