Asalin Sa Hannu a Gidan Waya

A zamanin da, in sarki zai aika da takarda, sai a buga mata hatimi a danƙa wa manzo. Manzon nan shi ne shaida, gama ya ga wanda ya karɓa ido da ido.

Da gidan waya ya zo sai al'amari ya sake. A Ingila aka fara manna kan sarki a 1840, a 1841 kuma aka ƙago rajista domin saƙo mai daraja. An buɗe gidan waya a Ikko a 1852, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Daga nan saƙo ya riƙa bin hannun mutanen da ba su san juna ba. Saboda haka kowane ma'aikacin da kayan rajista suka shiga hannunsa sai ya sa hannu, na ƙarshe kuwa mai kaya ne. In abu ya salwanta, sai a bi sunayen har inda ya tsaya.

To, wanda bai iya rubutu ba yakan dangwala yatsa. Amma in ma'aikaci ya sa hannu a madadinsa, ya zama shi ne mai bayarwa, shi ne shaida. Littafi ya ce an karɓa, mai kaya ya ce bai gani ba, ba kuwa mai raba gardama. A nan Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950 ya amfani talaka, domin wanda ya iya rubuta sunansa yana da hujjar ƙaryata hannun wani.