Daga Kashe-Kunna Zuwa Karatun Kundi: Yadda Masu Kula Da Sabar Suka Goge A Kazaure

A ranar 25 ga Agusta, 1991, wani ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland mai suna Linus Torvalds ya sanar da cewa yana rubuta wata babbar manhajar kwamfuta, don sha'awa kawai. Bayan kwana biyu, ranar 27 ga wata, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙirƙiro Jihar Jigawa. A lokacin babu abin da ya haɗa labaran biyu. Yau kuwa manhajar nan, wato Linux, ita ke ɗauke da mafi yawan sabar da intanet ke tafiya a kansu, har da irin waɗanda ɗalibin Roni ko Gwiwa yake cika fom a kansu idan lokacin rajista ya zo.

Idan fom ɗin ya ƙi tafiya, abin da ake gaya wa mutanen da ke layi guda ne: "Babu netwok." 'Yan cikin sana'ar sun san cewa sau da yawa netwok lafiyarsa ƙalau. Wuta na nan, waya na nan, sabar ma tana kunne. Abin da ya faru shi ne wata manhaja da ke gudana a cikinta ta cinye kason da aka yanka mata, ta nemi ƙari, babbar manhaja ta ce a'a. Kowane aiki da ke gudana a sabar yana da iyaka: fayil nawa zai buɗe lokaci guda, mimori nawa zai riƙe, ƙananan ayyuka nawa zai haifa. Tarihin wannan sana'a, a Kazaure da ko'ina, tarihi ne na koyon gane wace iyaka aka taka, da dalilin taka ta.

Iyakokin ba kuskure ba ne, da gangan aka kafa su. A shekarun 1970 kwamfuta guda ce ke hidimar mutane da dama a jami'a ko kamfani, don haka dole a hana mutum ɗaya ya handame ta. Unix, wadda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara a Bell Labs ta Amurka a 1969, tana barin kowane aiki ya buɗe fayil 15 kacal a fitowarta ta shida, aka ƙara zuwa 20 a ta bakwai a 1979. A 1983 Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta fito da nata nau'in Unix mai suna 4.2BSD, wadda ta kawo tsarin iyaka biyu da ake amfani da shi har yau: ta ƙasa, wadda mai aiki zai iya ɗagawa da kansa, da ta sama, wadda babban mai kula da na'ura kaɗai ke iya ɗagawa. A ɗaya ɓangaren kuma akwai VMS ta kamfanin DEC, wadda ta yi suna wajen tsaurin kaso, domin kowane asusu da nasa adadin fayil da mimori a rubuce. Ɗaya daga cikin manyan maginanta, Dave Cutler, ya koma Microsoft a 1988, ya jagoranci aikin Windows NT da ta fito a 1993. Shi ya sa har gobe ake jin ƙamshin VMS a yadda Windows ke ƙididdige abin da kowane aiki ya ci.

Wannan ilimi ya iso arewa maso yammacin Jigawa ta ƙofar makaranta. A 2001, shekarar da wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya, gwamnatin Ibrahim Saminu Turaki ta buɗe cibiyar koyar da kwamfuta ta Informatics a Kazaure tare da haɗin gwiwar kamfanin Informatics na Singafo, ta kuma kafa Galaxy ITT a Dutse don samar da intanet a jihar. Garin Kazaure dama yana da kwalejin kimiyya da fasaha, wadda ta koma hannun gwamnatin tarayya a 2007, wato Hussaini Adamu Federal Polytechnic. Matasa daga Babura, Roni, Gwiwa da 'Yankwashi, da ma wasu jihohin, suka riƙa zuwa koyon haɗa netwok da girka manhaja. Da yawansu suka bazu a bankuna, ofisoshin gwamnati da shagunan intanet na Kano, Katsina da Abuja.

Iyakar farko da wannan zubin suka ci karo da ita ba ma ta fasaha ba ce, ta ciniki ce. Mai shagon intanet zai ɗauki kwamfuta ɗaya mai Windows XP ya mayar da ita sabar, ya ɗora mata firinta da fayilolin da kowa ke buƙata. Kwamfuta goma su shiga lafiya, ta sha ɗaya ta ƙi. A canza waya, a canza katin netwok, a zagi mai sayar da kaya, alhali Microsoft ce ta ƙayyade cewa XP Professional ba za ta karɓi baƙi fiye da goma a lokaci guda ba, don wanda ke son fiye da haka ya sayi Windows Server.

Waɗanda suka sayi Windows Server 2003 ɗin ma ba su huta ba. Na'ura ta yi kwanaki tana aiki lami lafiya, wata safiya sai ta ƙi buɗe komai, ta fito da saƙon kuskure mai lamba 1816: "Not enough quota is available to process this command." Wato kason da ya rage bai isa a aiwatar da umarnin ba. Maganin zamanin kuwa sananne ne, a kashe a kunna. Kuma yana ci, domin kashewa na share duk abin da manhajoji suka riƙe. A yankin da wutar lantarki ke ɗaukewa ba sallama, rashin wutar ma yakan yi wannan aiki da kansa, ya ɓoye cutar. Sai bayan da aka samu inbata da batura da janareta mai tsayawa, sabar ta fara yin makonni ba ta mutu ba, sannan matsalolin da ke taruwa a hankali suka bayyana.

A nan ne aka fara rabuwa tsakanin mai danna maɓalli da ma'aikaci. Ma'aikacin yakan buɗe Event Viewer, kundin da Windows ke rubuta abin da ya same ta. Idan ya ga lamba 2019 ko 2020, ya san ɗaya daga cikin rumbunan mimori biyu na zuciyar manhajar ne ya ƙare. A Windows Server 2003 mai bit 32, rumbun da lamba 2019 ke magana a kansa ba ya wuce megabait 256, ko da an cika na'urar da RAM, kuma direba ɗaya mara kyau, na katin netwok ko na manhajar kashe bairos, ya isa ya cinye shi. Haka nan kowane aiki yana da iyakar abubuwan zane 10,000 da zai riƙe. Kayan binciken da suka fi amfani a wannan zamani su ne Poolmon da Process Explorer. Na biyun Mark Russinovich ne ya rubuta shi a ƙarƙashin Sysinternals, wadda Microsoft ta saya a 2006. Da shi mutum zai zauna ya ga adadin abin da wata manhaja ta riƙe yana hawa awa bayan awa, ba ya sauka.

Wannan kallon shi ne ginshiƙin sana'ar. Idan adadin yana hawa da safe lokacin da jama'a suka cika, ya sauka da yamma, to nauyi ne na gaskiya, kuma ɗaga iyaka daidai ne. Idan kuwa hawa kawai yake yi har da tsakar dare, to manhajar tana buɗewa ba ta rufewa. Ɗaga wa irin wannan iyaka kamar sayo babbar randa ne a ajiye ƙarƙashin famfon da ba ya rufuwa: za ta jima kafin ta cika, amma sai ta cika.

Babban sauyi ya zo da jarrabawar kwamfuta. Hukumar JAMB ta fara gwada ta a 2013, ta koma kanta gaba ɗaya a 2015, kuma zauren da take amincewa da shi yakan ɗauki kwamfuta 250 da ke magana da sabar guda a cikin ginin. Makarantu suka bi sahu, suna kafa irin wannan zaure don jarrabawoyinsu. A nan lissafi ke kama wanda bai shirya ba. A Linux, kowace mahaɗa ta netwok ana ƙirga ta a matsayin buɗaɗɗen fayil, kuma iyakar ƙasa da aka saba samu ita ce 1024. Manhajar shiga intanet takan buɗe mahaɗa har shida zuwa sabar ɗaya. Kwamfuta 250 sau shida ya kama 1,500. Idan aiki guda ne ke karɓar dukkansu, gwajin da aka yi jiya da kwamfuta ashirin zai tafi sumul, amma da zaure ya cika aka ce "ku fara", sai allon wasu ɗalibai ya tsaya cak, kundi ya cika da layi ɗaya: "Too many open files," kuskure mai lamba 24.

Gogaggen ma'aikaci ba ya gaggawar taɓa komai. Yakan nemi lambar aikin, ya buɗe fayil ɗin limits da ke ƙarƙashin /proc, inda iyakar da aikin ke gudana da ita a zahiri take rubuce. Sai ya ƙirga abin da aikin ya buɗe da lsof, ya duba ko mahaɗai ne na ɗalibai masu rai, ko gawarwaki ne da aka manta ba a rufe ba. Bayan nan ne zai yanke hukunci.

Akwai tarkon da ya kama kusan kowa tsakanin 2014 da 2015, lokacin da CentOS 7, Debian 8 da Ubuntu 15.04 suka koma amfani da systemd wajen tayar da ayyuka. Tsoffin hannu sun saba gyara fayil ɗin limits.conf. Mutum ya rubuta 65535 a ciki, ya shiga, ya buga ulimit -n, ya ga sabuwar lamba, ya tafi gida hankali kwance. Washegari kuskuren ya dawo, saboda fayil ɗin ya shafi mutanen da suka shiga da asusunsu ne kawai, bai shafi ayyukan da systemd ke tayarwa ba. Su sai an sa musu LimitNOFILE a takardar saitinsu. Ita kanta 1024 ɗin ta daɗe ne saboda wata tsohuwar hanyar sauraron mahaɗai, select, wadda ba ta iya wuce wannan adadi. A ƙarshen 2018 systemd ta ɗaga iyakar sama zuwa 524288, amma ta bar ta ƙasa yadda take, don kada tsoffin manhajoji su rikice.

Shafukan rajista na makarantu da ƙananan hukumomi nasu ciwon daban ne, domin yawancinsu haya suke a sabar da ɗaruruwan shafuka ke rabawa. Ranar ƙarshe ta biyan kuɗin makaranta kowa ya afko, shafi ya nuna lamba 508, alamar cewa kason da kamfanin haya ya yanka ya ƙare. Ko kuma rumbun bayanai na MySQL ya ƙi karɓar kowa, don mahaɗa 151 da yake zuwa da su sun cika. Wani lokaci sabar ta ce babu wuri alhali rabin faifan fanko ne. Mai sani zai buga df -i, ya tarar miliyoyin ƙananan fayilolin da ake ajiye wa kowane baƙo ne suka cinye gurbin sunaye.

Zubin yanzu kuma da kwantena yake aiki. Injiniyoyin Google, Paul Menage da Rohit Seth, sun fara aikin cgroups, tsarin yanka wa rukunin ayyuka kaso, a 2006, ya shiga Linux a farkon 2008, Docker ta zo a 2013 ta sauƙaƙa amfani da shi. Yanzu manhajar da ta zarce mimorin da aka ba ta ba ta samun gargaɗi, kashe ta ake yi nan take, ta bar lamba 137 a baya, sai wanda ya buɗe dmesg ne zai ga dalili. Kuma tunda hayar sabar ta waje da dala ake biya, kowane ƙarin kaso yana da farashi a naira. Wanda ya iya gano manhaja mai yoyo ya tsirar wa ma'aikatarsa kuɗin da wani zai kashe wajen sayen babbar na'ura.

A 2021 gwamnatin tarayya ta amince da kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura, abin da ya ƙara wa yankin wata cibiya a kan na Kazaure. Ɗaliban da ke fitowa sun iya girka sabar, amma girkawa aikin yini ɗaya ne, riƙe ta kuwa na shekaru. Ya kamata malaman waɗannan makarantu su ware darasi na musamman inda za a ba ɗalibi sabar, a ƙuntata mata iyaka da gangan, a tura mata baƙi ɗari biyar na gwaji, a bar shi da kundi har ya faɗi abin da ya ƙare da wanda ya cinye shi. Shugabannin makarantu da ofisoshi kuma su ba ma'aikatansu dama su gwada zaure da cikakken nauyinsa tun kafin ranar jarrabawa, su kuma tanadi littafin da za a riƙa rubuta kowace iyaka da aka canza, da ranar, da dalilin canza ta.