Kulle a Tsaron Kayan Nukiliya

Kulle yana cikin matakan da ake ɗauka don kare tashoshin nukiliya da sinadarai masu fitar da radiyeshon, wato haskoki marasa ganuwa masu lalata ƙwayoyin jiki, da kuma takardun sirri. Aikin kwaɗo shi ne jinkirta mai kutse har ƙararrawa ta ankarar da masu gadi, shi ya sa ake haɗa shi da katanga da kyamarori, kuma ake bin ƙa'idar mutum biyu, wadda ke hana ma'aikaci buɗe ma'aji shi kaɗai. A 1987, ɗauke sinadarin sisiyom-137 daga wani yasasshen asibiti a Goiânia ta ƙasar Birazil ya halaka mutum 4, lamarin da ya nuna girman illar sakaci.