Ruwan Tiga da Ikon Hukuma: Tarihin Ruwa, Fetur da Lantarki a Ƙasar Kura da Bunkure

Gabatarwa

Kafin zuwan madatsun ruwa, noman rani a kudancin Kano sana'a ce ta 'yan lambu, waɗanda ke zaune a bakin kogi ko a gefen fadama, suna ɗibar ruwa da jigo ko da ƙwarya su shayar da albasa da tattasai da rake. Ba a neman izinin gwamna kafin a haƙa rijiyar lambu, in kuma rigima ta tashi a kan iyaka ko a kan ruwa, mai unguwa da dagaci da alƙali su ke raba ta. Cikin shekaru hamsin da 'yan kai wannan tsari ya juye ɗungum, har ta kai ga manomin Kura ko Bunkure ba ya iya lissafin ribarsa sai ya san abin da aka zartar a Abuja game da ruwa da fetur da wutar lantarki.

Daga En'e zuwa Gwamnatin Jiha

Hukuma ta fara sa hannu a harkar ruwa da lantarki a ƙasar Kano tun zamanin Sarki Abdullahi Bayero, sa'ad da En'e ta gina ma'aikatar ruwan famfo da ta wuta a bakin kogin Challawa, aka buɗe su a 1931. Wannan aiki na birni ne, bai taɓa manomin ƙauye ba. Daga baya lantarki ya fita daga hannun En'e ya koma hannun hukumar ƙasa baki ɗaya, wadda a 1972 aka haɗa ta da hukumar madatsar Kainji aka sami NEPA.

Wanda ya kai ikon hukuma cikin gonaki shi ne Audu Baƙo, gwamnan farko na Jihar Kano, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975. A zamaninsa aka gina madatsar Bagauda, sa'an nan aka kama aikin Tiga a kan kogin Kano a 1971, aka gama a 1974, watau daidai lokacin da fari ya addabi ƙasashen Arewa. Tafkin Tiga an tsara shi ya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan biyu, kuma dubban mutane sun bar gidajensu da gonakinsu saboda shi. Masana daga ƙasar Holan, na kamfanin NEDECO, su suka zana tsarin ban ruwan, aka fara gwaji a Kadawa, da niyyar kashin farko ya shayar da hekta 22,000.

Hikimar tsarin ita ce ba ya bukatar inji. Ruwa na gangarowa da kansa daga Tiga ta babbar magudana zuwa tafkin Ruwan Kanya, daga nan ya wuce ya rabu reshe biyu, na yamma da na gabas, ya bi ƙananan magudanai har bakin gona, inda manomi zai sa lanƙwasasshen bututu ya janyo shi cikin kunya. An kuma tanadi ƙananan tafkuna da ke tara ruwan dare domin a yi amfani da shi da rana. Ga wanda ke cikin aikin, ba fetur, ba lantarki, gangaren ƙasa kaɗai ke yin aikin. Sai dai wannan sauƙi yana da sharaɗi guda: dole a riƙa yashe magudanai, a gyara ƙofofin ruwa, a kuma raba ruwan bisa ƙa'ida. Duk tarihin da ya biyo baya yana rataye ne a kan wannan sharaɗi.

Iko ya koma Tarayya

A 1976 gwamnatin soja ta kafa hukumomin raya koguna guda goma sha ɗaya, daga cikinsu akwai Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda ta karɓi Tiga da gonakin da ke ƙarƙashinta daga hannun Jihar Kano. A 1978 Dokar Amfani da Ƙasa ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamnanta. A 1993 kuma aka yi dokar albarkatun ruwa mai lamba 101, wadda ta ba Gwamnatin Tarayya iko a kan duk ruwan da ya ratsa jiha fiye da ɗaya. Dokar ta shafi kogin Kano kai tsaye, domin bayan ya haɗu da Challawa shi ne yake zama kogin Haɗeja, ya shiga Jigawa ya nufi Yobe, jihohin da aka ƙirƙiro a 1991.

Akwai hujja mai ƙarfi ga wannan mataki. Ruwan da aka tsare a Tiga, da wanda aka tsare a madatsar Challawa tun 1992, shi ne wanda a da yake malala a dausayin Haɗeja da Nguru, inda masunta da makiyaya da manoman shinkafa ke dogara da shi. Ambaliyar damina ta ragu, ruwan da ake saki duk shekara kuma ya ba kachala damar toshe hanyoyin kogi. Birnin Kano ma na shan kasonsa ta ma'aikatun ruwa na Challawa da Tamburawa. Jiha ɗaya ba za ta iya zama alƙali tsakanin waɗannan masu haƙƙi ba.

Amma abin da aka samu a sama an rasa shi a ƙasa. A farkon aikin an karɓi gonakin mutane, aka baje su, aka mayar musu bayan an cire wani kaso domin magudanai da hanyoyi, hukuma kuma ta so ta faɗa wa manomi abin da zai shuka, musamman alkama. Binciken da Tina Wallace ta yi daga Jami'ar Ahmadu Bello a ƙarshen shekarun 1970 ya nuna cewa ƙaramin manomi sau da yawa ba shi da jarin da noman ke bukata, sai ya ba da hayar gonarsa ga mai hali. Ko da aka hana shigo da alkama daga waje a 1987, ribar ba ta daɗe ba, domin an janye hanin bayan 'yan shekaru. Manoma suka bi kasuwa: tumatir da masara da albasa, uwa uba shinkafa, wadda ta mayar da Kura cibiyar casa da ciniki, alhali kuwa tana shan ruwa fiye da alkamar da aka yi lissafi da ita.

Kuɗin ruwa kuwa ana yanka shi ne a kan faɗin gona, ba a kan yawan ruwan da aka sha ba, don haka wanda ke kusa da bakin magudana ba shi da dalilin tattali. Kuɗin ba shi da yawa, karɓarsa ma ba ta kankama ba. Muddin arzikin mai na shigowa, gwamnati na cike giɓin. Da aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu a 1986, aka kuma taƙaita ayyukan hukumomin koguna a 1987, sai gyara ya tsaya. Yashi da ciyawa suka cika magudanai, ƙofofi suka lalace, na ƙarshen layi ya zauna yana jiran ruwan da ba ya isowa.

Yadda fetur ya shigo gona

A nan ne ƙaramin injin ban ruwa ya sami shiga. Hukumar KNARDA ta Jihar Kano, da shirin Fadama da aka fara a farkon shekarun 1990 da rancen Bankin Duniya, sun yaɗa waɗannan injuna da rijiyoyin bututu. Wanda ruwa bai kai gare shi ba, da wanda gonarsa ke wajen iyakar aikin, duk suka koma jan ruwa daga magudana ko kogi ko rijiya. Abin ya yiwu ne domin tun shekarun 1970 gwamnati ke ƙayyade farashin fetur, ta kuma kafa asusun daidaita farashi a 1975 don kada kuɗin dako daga bakin teku ya sa mai ya fi tsada a Arewa. Ta haka tallafin mai ya zama tallafin noman rani, ba tare da an taɓa rubuta hakan a wata doka ba.

Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin. Cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa sama da Naira 500 a Kano. Wasu manoma suka rage faɗin abin da suke nomawa, wasu suka juya injunansu su yi aiki da iskar gas ta girki, masu ƙarfi kuma suka sayi na hasken rana.

Lantarki, wanda shi ya kamata ya maye gurbin fetur, bai zama abin dogaro ba. Tiga ta yi shekaru kusan arba'in tana sakin ruwa kafin gwamnatin Kano ta kama gina tashar wuta a gindinta. Dokar gyaran lantarki ta 2005 ta rushe NEPA ta kafa hukumar sa ido ta NERC, a 2013 kuma aka miƙa rarraba wuta a Kano da Katsina da Jigawa ga kamfanin KEDCO. Sai a 2023 doka ta ba jihohi cikakken ikon tsara harkar lantarki a cikin iyakokinsu.

Kammalawa

A 2014 Bankin Duniya ya amince da rancen kusan Dala miliyan 495 domin shirin TRIMING, wanda aikin kogin Kano na cikin manyan wuraren da ya gyara. Sharaɗinsa mafi muhimmanci shi ne ƙungiyoyin masu amfani da ruwa su riƙe ƙananan magudanai, su tara kuɗin ruwa, su kashe shi a kan gyara, hukuma kuma ta tsaya ga madatsa da manyan hanyoyin ruwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Rabon kogi tsakanin Kano da Jigawa da Yobe aikin Tarayya ne, rabon ruwa tsakanin maƙwabta biyu a Kadawa kuwa aikin mutanen Kadawa ne. Idan manoma suka ƙi biya, ko kuɗin ya bi wata hanya, siminti sabo zai koma yadda na 1974 ya koma, kuma wannan karon babu fetur mai araha da zai rufa asiri.