Amsoshin Tambayoyinku: Tarihin Hoton Ƙashi da Abin da Yake Gani a Wuya

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi daga Dawanau ta Kano, ya rubuto cewa buhu ya faɗo wa wani yaronsu ɗan dako a ka, wuya ya sanƙare. Wasu sun ce a kai shi wurin maɗori, wasu sun ce asibiti a ɗauki hoto, wasu kuma sun ce ai hoton nan rage kwana yake yi. Shi ne yake so a ba shi tarihin hoton ƙashi, da abin da yake iya gani a wuyan mutum.

AMSA: To malam, da farko dai Allah Ya ba yaron lafiya. Shi raunin wuya ya daɗe yana gagarar masu magani. Akwai wata tsohuwar takardar likitanci ta ƙasar Masar, wadda aka rubuta wajen shekara 1,600 kafin haihuwar Annabi Isa, Alaihis Salam, wani Ba'amurke mai suna Edwin Smith ya saye ta a garin Luksor a 1862. Raunuka 48 ne aka yi bayani a ciki, biyar daga cikinsu na ƙashin wuya. Marubucin ya kawo mutumin da ya faɗo ta ka, ƙashi ɗaya ya nutse cikin ɗan'uwansa, da wanda ƙashinsa ya goce har ba ya jin hannuwa da ƙafafu, fitsari na zuba ba da saninsa ba. Hukuncin da ya yanke a kan waɗannan biyun shi ne, ciwo ne da ba a taɓa shi.

Malaman da suka biyo baya sun san ƙirar wuyan sarai. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi bayaninta a littafinsa Alƙanun. Gaɓoɓi bakwai ne a jere, kuma abin mamaki raƙumin dawa ma, duk tsawon wuyan nan nasa, bakwai ɗin gare shi. Na farko kamar zobe yake, shi ke tallafe da ƙoƙon kai. Na biyu yana da wani ɗan tsini kamar haƙori da ya shige cikin zoben, a kansa ne kai yake juyawa, har kusan rabin waiwayen da mutum ke yi daga nan yake fitowa. Na bakwai kuwa shi ne ƙullutun nan da za ka ji a gindin wuya ta baya in ka sunkuya. Ta tsakiyarsu duka laka ta ratsa, kuma jijiyoyin da ke motsa hannu, da waɗanda ke sa numfashi, daga nan suke fita. To amma duk wannan sani, ba mai iya ganin ƙashin mai rai sai dai a lalube shi da hannu.

Ana nan haka har ran 8 ga watan Nuwamba na 1895. A daren nan wani shehun malamin kimiyya, Wilhelm Röntgen, yana gwaji a jami'ar garin Würzburg ta ƙasar Jamus da wata kwalba da aka zuƙe wa iska ana sa mata lantarki. Ya rufe ta ruf da baƙin kwali, amma sai ya hangi wata takarda mai magani a gefe tana ƙyalli. Wato dai wani haske da ido ba ya gani ya ratsa kwalin ya fito. Da yake bai san ko mene ne ba sai ya sa masa suna X, alamar abin da ba a sani ba a lissafi, daga nan ne aka sami eksire. Ran 22 ga Disamba ya ɗauki hoton hannun matarsa, ga ƙasusuwa ga zobenta sun fito. Hikimar ita ce, hasken yana wuce tsoka cikin sauƙi, amma ƙashi yana tare shi, sai inuwar ƙashin ta fito. Röntgen ya ƙi yin rajistar mallakar abin don ya ci kuɗi, ya bar wa duniya, aka kuma ba shi lambar Nobel a 1901.

Labarin bai daɗe ba ya taɓo Afirka, sai dai ta hanyar yaƙi. A 1896 likitoci a garin Nafoli sun yi amfani da shi wajen neman harsashi a jikin sojojin Italiya da aka raunata a yaƙin Adwa na Habasha. A 1898 kuma, lokacin yaƙin Umdurman da Ingilishi suka yi da mutanen Mahadi a Sudan, wani likitan soja Manjo Battersby ya kafa na'urar a bakin kogin Nilu. Babu lantarki, saboda haka keke mai mazauni biyu aka ɗaura wa janareta, sojoji na tuƙawa a cikin zafin nan ana cajin batir. Cikin mutum 21 da aka rasa gane inda harsashi ya maƙale, hoto ya warware 20. Sojojin Ingila ne fa aka yi wa, ba dubban mutanen Halifa da aka bari a fili ba.

Maganar rage kwana kuwa tana da asali. Mutanen farko ba su san haɗarin ba, suna sa hannunsu a hasken kullum. Clarence Dally, ma'aikacin Thomas Edison a Amurka, sai da aka yanke masa hannu biyu, ya mutu a 1904. Amma wannan shekaru ya yi yana sha. Hoton wuya na yau, abin da yake sa wa jiki bai wuce wanda mutum ke samu daga ƙasa da sararin sama cikin 'yan makonni ba. Mai juna biyu ce dai ya kamata ta faɗa kafin a ɗauka.

Shi wuya ya ba masu hoto wahala, don haƙora da muƙamuƙi suna rufe na sama, kafaɗu suna rufe na ƙasa. Shi ya sa aka saba ɗaukar uku: ta gefe, ta gaba, da wanda ake cewa buɗe bakinka, don a hango haƙorin ƙashi na biyu ta cikin baki. Hoton gefe in bai nuna duka bakwai ɗin da kan ƙashin da ke bi musu ba, bai cika ba, sai a ja kafaɗu ƙasa a sake. A 1920 wani likitan Ingila, Geoffrey Jefferson, ya bayyana yadda nauyi in ya dira a tsakiyar ka yake tarwatsa zoben nan na farko. A 1968 kuma Laurence Levy, likita a birnin da yanzu ake kira Harare, ya yi rubutu a kan 'yan dako masu ɗaukar buhun gari mai kilo wajen 90 a ka, waɗanda tuntuɓe ɗaya ya karya musu wuya. Ka ga irin na yaronku ke nan.

Sai dai hoton ƙashi, ƙashi kawai yake gani, ba ya ganin laka, kuma ƙaramar tsagewa takan ɓuya masa. A 1971 aka fara gwada na'urar CT ta Godfrey Hounsfield a kan majinyaci a Landan, wadda ke ɗauko jiki yanka-yanka kamar an yanka rake, ita ce yanzu aka fi dogara da ita a mummunan haɗari. MRI kuma, da ta bazu daga shekarun 1980, ita ke nuna lakar kanta.

Game da maɗori kuwa, malam, ba mu raina aikinsu ba, amma wuya ba ƙafa ba ne. Mutum yakan karye a wuya ya tashi yana tafiya, don ƙashin bai riga ya taɓa laka ba, ja ɗaya ko murɗa ɗaya sai ya taɓa, kuma lakar da ta tsinke har yau ba a sami mai ɗora ta ba. A kwantar da yaron a kan katako ko ƙyauren ƙofa, mutum ɗaya ya riƙe kan daidai da jiki, a tokare gefe da gefe da tsumma, a sa shi a mota, kada a ɗora shi a babur. In yana jin dindiris ko sanyin hannu, a faɗa wa likita tun daga bakin ƙofa.