Ipoh: Garin da Kuza Ta Gina, Duwatsu Suka Riƙe

Matafiyin da ya bar Kuala Lumpur ya yi arewa, bayan kimanin kilomita 200 zai ga duwatsu sun fara ɓullowa daga shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, tsaye cak, kawunansu lulluɓe da bishiyoyi. Nan ne Kwarin Kinta, inda birnin Ipoh, hedikwatar jihar Perak ta ƙasar Maleshiya, yake. Ranar hutu iyalai kan cika kogunan duwatsun nan da tafkunan da ke gindinsu, yara na ciyar da kifi, manya na ɗaukar hoto. Kusan duk inda suka sa ƙafa, akwai sawun masu haƙar ma'adinai a ƙarƙashinsa.

Duwatsun na farar ƙasa ne, irin wanda ake siminti da shi, kuma shekarunsu sun haura miliyan 250. Ruwan sama mai ɗan tsami ne ya yi ta tsiyaya ta cikin tsagoginsu yana narkar da su sannu a hankali, har ya huda manyan koguna. Mutane sun daɗe da sanin wannan mafaka. A 1959 wani hafsan sojan Birtaniya, Laftana R. L. Rawlings, ya ci karo da zane-zanen dabbobi da na mutane a bangon kogon Gua Tambun, an yi su da jan dutse tun shekaru dubbai da suka wuce.

Kuza ce ta sauya komai. Rikicin ƙungiyoyin mahaƙa Sinawa a yankin Larut da takaddamar gadon sarautar Perak su suka ba Turawan Ingila ƙofa. A 1874 aka ƙulla yarjejeniyar Pangkor, aka ajiye wa Sarkin Perak Razdan Bature. Daga shekarun 1880 mahaƙa suka kwararo Kinta, yawancinsu daga kudancin ƙasar Sin, Indiyawa kuma suka biyo domin aikin layin dogo da gonakin roba. Ipoh, ƙauyen bakin kogi, ya zama gari. Gobara ta cinye babban ɓangarensa a 1892, aka sake gina shi da bulo. A 1898 aka gina Masallacin Panglima Kinta, a 1917 aka kammala tashar jirgin ƙasa, dukansu suna nan har yau. A farkon ƙarni na 20, kusan rabin kuzar duniya daga Malaya, ƙasar da Perak take ciki a lokacin, take fitowa.

Baƙo kan zo da addininsa. Mutanen da suka rabu da gida suka faɗa aikin da rai ke iya salwanta a cikinsa kowace rana sun nemi wurin natsuwa, sai suka same shi a kogunan. Tarihin wurin bautar Sam Poh Tong ya nuna cewa wani malamin addinin Buddha daga Sin ne ya zauna a kogon tun 1890. Abin da ya fi jan yara a wurin shi ne kududdufin kunkuru, domin mabiya kan kawo kunkuru su saka a matsayin aikin alheri. Wurin bautar Perak Tong kuwa wani mutum mai suna Chong Sen Yee da matarsa ne suka kafa shi a 1926. A cikinsa akwai gunkin Buddha mai tsayin kusan mita 12, bangon kuma cike da zane-zane da rubutun Sinanci. Mai ƙarfin gwiwa kan hau matakala sama da 400 ya fito ƙolin dutsen, ya hango birnin a ƙasa. 'Yan Hindu su ma sun kafa nasu wurin bautar a gindin dutsen Gunung Cheroh.

Zama da dutse bai zo da sauƙi ba. A Oktoban 1973 wani ƙaton ɓangaren Gunung Cheroh ya ɓalle ya danne gidajen talakawa, kimanin mutum 40 suka rasu. Kogon Gua Tempurung da ke kusa da Gopeng, wanda yau ake zagayawa da yara a cikinsa bisa gadoji da fitilu, an haƙi kuza a ciki, kuma mayaƙan gurguzu sun ɓuya a nan zamanin dokar ta-ɓaci ta 1948 zuwa 1960.

Wanda ya san Jos ba baƙo ba ne ga wannan labari. Kasuwa ɗaya ce ta riƙa sayen kuzar Kinta da ta Filato, har ma a 1931 Malaya da Nijeriya suka shiga yarjejeniya ɗaya ta ƙayyade yawan kuzar da za a fitar domin kare farashi. Da kasuwar kuza ta duniya ta rushe a Oktoban 1985, ramuka suka rufe, matasan Ipoh suka watse neman aiki a Kuala Lumpur da Singafo. Aka bar ƙasa da ramuka cike da ruwa.

Daga waɗannan kufai aka fitar da sabuwar sana'a. Gunung Lang, tsohon wurin haƙa, ya zama wurin shaƙatawa da ake tsallakawa da kwale-kwale. Tasik Cermin tafki ne da duwatsu suka kewaye, ana shigarsa ta ramin da mahaƙa suka huda. Kek Lok Tong, wanda haƙar ƙarfe ta shafa a shekarun 1960, yau lambu ne shar a bayan kogonsa. Injin haƙar kuza na Tanjung Tualang, wanda aka ƙera a Ingila a 1938 ya daina aiki a 1982, ba a sayar da shi a matsayin ƙarafan jari-bola ba, aka mai da shi gidan tarihi.

Sai dai haɗarin bai wuce ba. Kamfanonin siminti da masu fasa dutse na ci gaba da cin wasu tsaunukan. A dutsen Gunung Kanthan akwai gizo-gizo da dodon-koɗi irin waɗanda ba a samun su a ko'ina a duniya sai nan. An ayyana Kwarin Kinta a matsayin gandun adana duwatsu na ƙasa a 2018, amma suna kaɗai ba ya hana nakiya tashi. Ramin kuza kan cika da ruwa ya zama tafki, dutsen da aka niƙa kuwa ya tafi ke nan.

Iyayen da Allah Ya nufa da zuwa Ipoh, kada su tsaya ga hoto kawai, su gaya wa yara waɗanda suka yi gumi a wurin da abin da ya ci rayukansu. Hukumominmu kuma su dubi tafkunan kuza na Filato da injunan da ke tsatsa a gefensu, su killace su, su rubuta tarihinsu, tun kafin su ɓace.