Sifinjar Juma'a: Yadda Muka Koyi Tarihinmu a Bayan Mota



Danginmu na Najeriya kan ba da labarin fita shan iska a mota ran Lahadi da yamma. Mu nan Sudan, Lahadi ranar gona ce da makaranta. Tamu ranar Juma'a ce, kuma motar ƙuruciyarmu ba ƙaramar mota ba ce. Babbar Bedford ce, wadda ake wa laƙabi da Sifinja, mai dakon dawa da auduga duk mako.

A ƙarshen shekarun 1970, ba kowane gida ke da mota a Mai Wurno ba. In wani daga cikin iyayenmu direbobi ya kwana a gari, bayan sallar La'asar sai a share bayan motar, a shimfiɗa tabarmi. Mata su zauna tsakiya, yara mu riƙe katako, dattijo kuwa a ba shi gaba. Sai mu nufi arewa, zuwa Sinnar, ganin Kazzan. Can a saya mana gyaɗa da agashe, mu tsaya muna kallon ruwa yana ɓarkowa daga ƙofofin dam da rugugi, har ba ka jin maganar na kusa da kai.

Mu a lokacin yawo muka ɗauke shi. Sai da muka girma muka gane makaranta ce. Da an sauka, dattijo kan tara mu ya ce, wannan 'yar tafiya da kuka yi a zaune, ita ce wutsiyar tafiyar da kakanninku suka yi a ƙasa. Daga nan sai labari ya ɓalle: yadda Turawan Ingila suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, yadda Sarkin Musulmi Attahiru ya fita hijira zuwa gabas, jama'a suka bar gonakinsu suka bi shi, har ya yi shahada a Burmi a watan Yuli na wannan shekara. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar mutane, suka ratsa ƙasar Cadi da Darfur da Kurdufan, suka iso bakin wannan kogi wajen 1906. Garinmu sunansa ya ci. Wasu kuma hanyar Makka ta kawo su, guzuri ya ƙare, suka tsaya neman na jirgi, zama ya zaunu.

Dam ɗin ma darasi ne. An kammala shi a 1925, tsawonsa kamar kilomita 3, kuma daga gare shi babbar tur'a ke ɗaukar ruwa zuwa gonakin Jazira. Dattawa kan nuna ta su ce: bi ruwan nan, duk inda ya tsaya akwai namu. Gaskiya suka faɗa. Hannun Hausawa da Fulani da Barebari ya tsinci audugar da aka yi ta kai wa masaƙun Ingila, alhali da yawansu ba su da hawasha ta kansu, a kambo suka zauna, a gefen gonakin wasu. Wannan ne amsar da aka koya mana mu ba duk wanda ya tambaye mu yaushe muka zo.

Yau hanyar ta ga wata irin tafiya. Yaƙin da ya tashi a Afrilun 2023 ya kai Madani a Disambar wannan shekara, ya kai Sinja a Yunin 2024. Mun ga manyan motoci maƙare da katifu da tukwane, da yara riƙe da katako kamar yadda muka riƙe, amma ba mai yi musu labari. Dattawa da dama sun rasu a wajen gudu, kowanne ya tafi da abin da ke kansa.

Saboda haka muke roƙo. Wanda ke da tsoho ko tsohuwa a gida, ya zauna ya tambaye su: daga wane gari kakanninmu suka taso, wace hanya suka biyo, a wane zango aka binne wa? A tambaya da Hausa, a gaban yara, sannan a rubuta, ko da ajami ne. Mu da aka ɗora wa riƙon alƙalamin dattawa a shirye muke mu tattara.

Allah Ya jiƙan magabata, Ya zaunar da Sudan lafiya, Ya mai da kowa gidansa. Amin.